Safar Auta

Sista ta danna "ci gaba" a karo na bakwai, kwamfutar ta yi ɗan jim, sai ga shafi na takwas. Saura ɗaya ke nan. Ta gyara zama tana jijjiga ƙafa har kofin shayin da ke kan tebur yana rawa. Shekara biyu da rabi tana tara bayanan yara arba'in da uku a sashen gashin ƙashi. Ta rubuta, Likita ya bi da jan biro, ta sake rubutawa. Da ƙaramin ciki ta fara rubutun, ga shi yanzu yaron har ya iya rarrafe. Yau da ƙarfe huɗu mujallar likitocin da take son tura wa aikin za ta rufe karɓar maƙalu na fitowarta ta musamman kan lafiyar yara.

Shafi na takwas ya ce duk hoton da jikin mara lafiya ya fito a ciki, sai an ɗora takardar amincewar iyaye kafin a buga. Ita kuwa takardar da ke hannunta ta magani ce kawai. Ta dubi agogo: ɗaya da minti ashirin.

Hoto na biyu shi ne zuciyar aikin, kuma ƙafar Auta ce. An haifi Auta da ƙafafu a murɗe, aka miƙe su da ɗaurin simintin asibiti, aka sa mata takalmin ƙarfe kamar sauran. Takalmin nan yakan goge diddigen yaro har ya yi gyambo, uwa ta ji tausayi ta cire, ƙafa ta koma gidan jiya. Maman Auta, da yake mai ɗinki ce, sai ta ɗinka wa 'yarta safa mai laushi, diddige ya zauna lafiya lau. Sista ta gani, ta roƙe ta ta riƙa ɗinko wa sauran yara duk ranar Talata. Abin da maƙalar ta ƙunsa ke nan.

Ta buga takardar amincewar, ta cusa kwamfuta a jaka, ta biya ɗakin reno ta goya yaronta, ta tsayar da tasi.

Layin teloli ya cika da ƙarar kekuna. Maman Auta tana yanka yadi, tef a wuya, allura biyu a baki.

"Sista, yau kuma wa za a sa wa siminti? Mu dai mun gama." Ta tofar da alluran a tafin hannu. "Sauko min da surukina, duk ya yi gumi."

"Sa hannunki na zo nema, Maman Auta. Yau zan tura. Yau ɗin nan."

"Kawo biro mana."

"Sai na karanta miki tukuna."

Ta karanta mata layi-layi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Likitoci a ƙasashe da yawa za su ga hoton. Babu fuska, babu suna. In an buga, ba a iya janyewa.

"Ƙafa ce fa, kowa da tasa. Mu ga hoton."

Sista ta buɗe kwamfutar a kan teburin yanka, tana murmushi tun kafin ya fito. Hoto ne tsaf, safa fara tas a cikin takalmi, ko zare ɗaya bai leƙo ba. Maman Auta ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye.

"Wa ya sa mata safar nan?"

"Ni ce. Ranar da mai hoto ya zo."

"Kin juya ta."

"Na ga ɗinkin ya fito waje, na ce kada mutane su ɗauka aikin gaggawa ne."

Maman Auta ta jawo wata safa daga kwando, ta juya ta yadda take a hoton, ta kamo hannun Sista ta tura yatsarta ciki. Wani ɗan tudu ne na ɗinki, siriri kamar tsintsiyar kwakwa ɗaya, daidai wurin diddige.

"Kin ji? Wannan kwana uku ya isa ya fasa fatar jariri. Ai sirrin ke nan, ɗinki a waje. Kowace uwa sai na nuna mata kafin in miƙa mata."

Sista ta tuno abin da ta sa a maƙalar. Ta rubuta kaurin audugar da ke ciki, ta rubuta irin yadin, ta auna tsawo da faɗi har da milimita. Ɗinki kuwa ko kalma ɗaya. Ta hango wata ma'aikaciya a wani gari mai nisa tana kwaikwayon hoton nan da zuciya ɗaya, tana miƙa wa uwa. Hannunta ya kai kan diddigen yaronta, mai laushi kamar ba a taɓa taka shi ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Uku saura kwata," in ji Maman Auta. "Takalmin yana nan, da shi take barcin rana. Auta! Zo ki zama 'yar fim."

Sai da suka yi da gaske kafin su kamo Auta, don tsalle take daga benci zuwa buhun ƙyallaye tana komawa. Suka shimfiɗa farin yadi, suka jawo teburin bakin ƙofa inda haske yake. Hoto na farko ta motsa, na biyu surukin ya miƙo hannu, na biyar ya fito da ɗinkin ɓaro-ɓaro.

"Yanzu faɗa min duka," Sista ta ce, yatsunta a kan madannai. "Kamar ni sabuwar mai koyo ce."

"Dama ke ce. Rubuta: ɗinki a waje. Kada a sa roba a baki, tana shaƙe jini. Wurin diddige a yanka yadin a karkace, ya fi bin ƙafa. In an wanke kada a matse, audugar takan dunƙule."

Sista tana juyawa zuwa Turanci tana rubutawa. Mujallar ta ƙayyade kalmomi dubu uku, ita kuma ta riga ta cika ma'auni, dole ta rage wani wuri. Ta gangara ƙasa, idonta ya faɗa kan sashen godiya: "Muna godiya ga wata uwa da ta taimaka da ɗinki." Ta karanta sau biyu. Ta ɗauki waya.

"Ranka ya daɗe, ina so in ƙara suna cikin marubuta." Ta yi wa Likita bayani a gurguje.

"Ta karanta maƙalar kuwa?"

"Ta gyara ta, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya. "Ni sau shida na karanta ban gani ba. Sa ta. Ni ina zan koma?"

"Kuna nan a ƙarshe, inda manya ke zama."

Da ta ajiye wayar sai ta juyo, murnar ta ɗan lafa. "Amma ki sani, in sunanki ya fito, duk wanda ya san ki zai gane ƙafar wa ce. In ba ki so, a bari. Yarinyar ce gaba da komai."

Maman Auta ta dubi Auta, wadda tuni ta fizge safar ta koma kan benci.

"Wata shida ina ɓoye ƙafar nan a cikin zani, ko kakarta ban bari ta gani da kyau ba. Yanzu kuma me zan ɓoye? Su gane."

Ta sa hannu. Sista ta ɗauki hoton takardar ta ɗora, ta koma shafin marubuta. Suna, ta rubuta. Imel, suka lalubo wanda aka buɗe mata ranar da ta sayi waya. Sai akwati na ƙarshe, mai jan tauraro: jami'a ko cibiyar bincike. Huɗu saura minti goma sha biyu.

Sista ta leƙa waje, ta ɗaga kai ta karanta lambar da aka rubuta da fenti a saman ƙofa, ta dawo ta rubuta: Shago na goma sha ɗaya, layin teloli.

Maman Auta ta leƙo ta kafaɗarta, yaron a kwankwaso.

"Ƙara da 'kusa da mai guga'. In ba haka ba za su yi ta yawo."

Sista ta ƙara, ta danna "tura".