Tasha Biyu a Rumfar Ajimi

Yakaka ta ɗaure kayanta, har da kanwa da yajin jego. 'Yarta Karima ta haihu a tsallaken iyaka, iyakar kuwa a rufe take. Ta biya rumfar ƙaninta Ajimi, mai gyaran rediyo a kasuwar Nguru.

Ajimi ya ce, "Yaya, ministan ƙasar can ya yi magana kan rufe iyakar."

Ya kamo tashar gida, aka ce ministan ya sauko, sulhu yake nema. Ya murɗo tashar can, aka ce kunnen maƙwabta ya ja.

Yakaka ta harzuƙa. "Wai bakinsa nawa ne?"

"Ɗaya ne, Yaya."

Ta zauna kan ƙullin kayanta. Can ta ce, "To murɗo mini wadda ta san mai yi wa Karima wankan jego."