Agogon da Maliki Ya Bari Ajiya

Maliki ya dawo Tsamaye daga yaƙin Bama da ɗingishi da kuma agogon hannu, wanda hafsansu ya kwance ya ba shi ranar da Maliki ya goyo shi daga bakin daga. Shekarar da gero ya ƙi, ya tafi cin rani Gusau. Ya ga dako ba aikin mai agogo ba ne, shi ya sa kafin ya tashi ya bar agogon ajiya wurin wansa Illo, dillalin fatu a Sabon Birni.

Da damina ta faɗi ya dawo, Illo ya miƙo masa abinsa a naɗe cikin ƙyalle. Amma agogon da bai taɓa ƙarya ba sai ya fara latti, kafin kaka ya tsaya cik.

Ran kasuwar garin Isa ya kai shi wurin Malam Atiku mai gyara, wanda ya koyi sana'ar a tashar jirgin Kaura Namoda. Tsohon ya ɓalle murfin, ya kafa madubi a ido, ya leƙa ciki.

"Ɗana, wanga kwanso da wanga inji ba gidansu ɗaya ba."

"Kamar yaya, Baba?"

"Duba. Sunan da ke jikin murfi daban, na inji daban. Injin ya yi wa kwanson kaɗan, shi ya sa aka yi mai zobe da gwangwanin madara. Fuskar kuwa da ƙaro aka manna ta."

"Wa za ya yi wanga aiki?"

Malam Atiku ya ajiye madubin. "Ni na yi shi. Da ranin da ya wuce wani dogo mai warin jima ya kawo agogo biyu, ya rantse duk nashi ne, ya ce in musanya cikinsu. Yanzu na gane."

Washegari Maliki ya iske Illo a rumfarsa yana ware fatun awaki, yana ɗaure da wani koɗaɗɗen agogo a hannu.

"Yaya, ara mini agogonka."

Illo ya kwance ya miƙa masa. Maliki ya kara shi a kunne. Bugun da ya raka shi tun daga dajin Bama ne, ko cikin dubu zai gane shi.

"Kai manomi ne, rana ta ishe ka," in ji Illo, idonsa a kan fatu. "Ni ke jiran motar kamfani. Na ɗauka ba za ka lura ba."

"Da ka roƙa, da na ba ka shi dungum."

Maliki ya ajiye agogunan biyu a kan fatun, ya juya.

Bayan girbi Maliki ya nemi a raba gandun ubansu, ya ja darni tsakanin sashensa da na Illo. Mahaifiyarsu Larai ta yi tambaya har ta gaji. "Ba komai, Inna," ita ce amsarsa kullum, kuma har ta rasu bai faɗa mata ba.