Hannun Baban Humaira

Ranar da aka sallamo mu daga asibiti a Kano, likita bai ɓoye min komai ba. Ya ce mijina, Baban Humaira, da ƙyar ya sha: bugun zuciya, ga shanyewar ɓarin jiki a kai, shi ko hamsin bai cika ba. Zuciyar dai sai lallaɓawa da magani. Amma hannun dama da ƙafar suna iya dawowa, in ana sa su aiki kullum a watannin nan na farko. In aka bar su kwance kuwa, shi ke nan.

Da muka dawo ƙauye sai na dire masa ƙwaryar gyaɗar iri. Ya yini yana ɓara, tana suɓucewa, yana tsaki. Cikin sati uku yatsu uku suka fara kama ɓawo. Wallahi sai da na zaga bayan rumbu na yi kukan daɗi.

Sai ga wansa, Yaya Abdulmumini, ya zo dubiya cikin babbar riga mai warin ajiya. Mutumin da ko yini ɗaya bai yi mana a asibiti ba.

"Sa'adiyya, magidanci guda kika zaunar yana ɓarar gyaɗa kamar tsohuwa? A idon jama'a?"

"Yaya, likita ne ya ce..."

"Likitan ɗan'uwansa ne?"

Washegari danginsa suka ɗora shi a amalanke zuwa babban gida, wai za a kula da shi yadda ya kamata. Aka kuwa kula. Sabuwar katifa, labule a sake. A ba shi fura a baki, a yi masa alwala, a juya shi kamar jariri. Masu dubiya su cika ɗaki da sannu-sannu, su sha kunu, su watse. In na ce a tashe shi ya ɗan taka, sai a ce ba ni da tausayi. Manyan banza, ko kallonsu ba na son yi.

Wata huɗu ana haka. Da damina ta sauka kowa ya tuna yana da gona, sai suka dawo min da shi. Hannun ya naɗe a ƙirji, yatsun sun dunƙule. Na sa hannuna biyu in buɗe su, ya runtse ido don zafi, ba su buɗu ba.

Yaya Abdulmumini na tsaye a kanmu yana gyara hula.

"To, mu dai mun sauke nauyi," in ji shi. "Ko cokali ba mu bar shi ya ɗaga ba."