Buhun Maɓallai

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tsaron sito a wani kamfanin kayan gini, kuma a duk layinsu ba mai kiransa da sunansa. Ƙamus ake ce masa. Duk wanda aka aiko wa takarda da Turanci, ta asibiti ce ko ta makarantar yara, ƙofarsa yake bugawa. Shi kuwa sai ya sa tabarau, ya yi gyaran murya, ya karanta ta sau biyu ko da layi uku ce, sannan ya fassara. Turancin nasa na sito ne, na jerin ƙusa da fenti da bututu, amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Matarsa tana da ɗan shago a bakin titi inda take sayar da kayan ɗinki: zare, allura, zif, maɓalli, almakashi. Da dillalin da ke kawo mata kaya ya tsufa ya ajiye aiki, ɗansa ya ce daga yanzu ta waya za a riƙa odar kaya, kowa ya zaɓa daga jerin da aka rubuta da Turanci. Ta gaji da jiran maigida ya dawo aiki ya karanta mata, sai ta shiga ajin da ake yi wa 'yan kasuwa kowace Asabar da safe a ɗakin karatu na unguwa. Shi da kansa ya raka ta ranar farko, yana tsokanarta cewa tsohuwar kaza ta koma ƙwai.

Wata biyu ba su cika ba gida ya sauya. Ta yanka farar takarda ƙanana ta liƙa a kowace durowa ta shagon, ta rubuta sunan abin da ke ciki. Da ta gama da shago sai ta shiga kicin, gwangwanin gishiri ma bai tsira ba. Tana wanke-wanke tana bitar kalmomin rarraba kaya, na jerawa daga babba zuwa ƙarami, na haɗa iri ɗaya wuri ɗaya. Kuma duk maganar da za ta yi sai ta fara da cewa malaminsu ya ce.

Wata rana maƙwabcinsu makanike ya zo da takardar wani injin da ya saya. Ƙamus yana wanka. Kafin ya fito matarsa ta karanta masa jerin sassan, ta nuna masa wanne ke ƙarƙashin wanne. Makaniken ya dubi Ƙamus yana dariya ya ce ashe gidan nan ƙamus biyu ne, kuma da alama sabon bugu ya fi tsohon. Shi ma ya yi dariyar, har da tafa hannu. Amma maganar ta tsaya masa a rai.

Da farko ya ɗora wa malamin laifi. A ransa ya zana shi matashi, dogo, mai ƙamshin turare. Asabar ɗin da ta biyo baya ya ɗauki laima ya tafi ɗakin karatun, wai ya ga hadari. Ya leƙa ta taga. Malamin gajere ne mai sanƙo, ya girme shi nesa ba kusa ba, alli ya ɓata masa wando har gwiwa. Wannan ya fi ɓata masa rai, don da namiji ne abin kishin, da ya san inda zai sa kansa. Matarsa ce tsaye a gaban allo, tana yi wa 'yan ajin bayanin yadda babban rukuni ke rabuwa zuwa ƙanana. Ya ƙirga kalmomi takwas a allon. Uku bai taɓa ganinsu ba. Ya juya gida da laimarsa bai ko shiga ba.

Ranar Laraba da yamma yana zaune a bencin ƙofar shagon ta miƙo masa waya. Wani mai ɗinkin kayan makaranta yana son maɓallai masu yawa kafin mako biyu, kowane girma da launinsa daban. A jerin dillalin akwai babban buhu da aka rubuta wa assorted. Ta ce ta san sorted, wato an ware kowane iri daban, to wannan mai ƙarin baƙi biyu a gaba fa? Ba za ta iya jira sai Asabar ba.

Ya san kalmar kamar yunwar cikinsa. Kwalin sukurori nawa ya buɗe a sito mai wannan rubutu, manya da ƙanana a cakuɗe. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Duk ɗaya ne," ya ce. "Wannan ma ya fi waruwa. Malaminku bai koya muku ba?"

Ta ce ba su kai nan ba tukuna. Ta yi masa godiya, ta danna wayar.

Buhun ya iso ranar Litinin, sai da mutum biyu suka kama shi. Ta kwance bakinsa ta sa hannu, ta ɗebo. Fari, baƙi, ruwan toka, mai ido biyu, mai ido huɗu, na riga, na kwat, duk a tafin hannu ɗaya. Ta ƙara nutsa hannun har gwiwar hannu ko ƙasan ya bambanta. Ta kira ɗan dillalin, ya ce abin da ta zaɓa shi aka aiko, kuma buhun da aka buɗe ba ya komawa. Ƙamus yana tsaye yana jinsu, ya ce mutanen yanzu ba su da amana, wataƙila su ne suka yi kuskure. Ba ta dube shi ba.

Suka shimfiɗa tabarma a falo, ta kwaso duk kwanukan gidan da faranti da murfin tukwane. Auta, 'yarsu, ta taya su kwana biyu ta ce idonta na ruwa, ta gudu wajen yayarta. Shi kuwa kullum ya dawo aiki sai ya zauna ya hau tsinta ba tare da an roƙe shi ba. Bayansa ya riƙe, yatsunsa suka yi sanyi. Baƙi da shuɗi mai duhu suka riƙa yi masa wasa da ido, sai ya kai su bakin taga. Matarsa ta rufe shago da wuri har kwana biyar, wasu masu sayen zare suka koma shagon gaba.

Ranar Asabar ta tafi aji kamar kullum. Ta dawo wajen azahar ta same shi a kan tabarma, buhun ya ragu saura kwata. Ta ajiye jaka, ta zauna nesa da shi kaɗan, ta jawo faranti. Ta shiga tsinta, maɓallai na ƙara a cikin kwano.

"Maigida, na tambayi malam," ta ce. "Ya ce duk wanda ya yi aikin sito wata ɗaya ya san wannan kalmar."

Ya ci gaba da juya wani farin maɓalli a yatsunsa.

"Da ce mini ka yi ba ka sani ba, da ban ji komai ba. Ni a wajenka na fara jin Turanci ya yi mini daɗi."

Ya so ya ce mantuwa ce, ya so ya ce tsufa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne ta bar sauran, shi zai ƙarasa. Ta ce ai dama shi zai ƙarasa, ta tashi ta shiga kicin.

Ya gama ranar Talata. Mai ɗinkin makarantar ya karɓi abin da ya dace da shi, bai kai rabi ba, sauran ta zuba a kwalabe ta jera a kan kantar shagon. Ba ta ƙara tada maganar ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, ko 'yar uwarta da ba ta ɓoye wa komai. Sai dai daga ranar, in kalma ta shige mata duhu, takan rubuta a bayan littafinta ta jira Asabar, ko da yana zaune kusa da ita.

Bayan wata guda suna karyawa da safe ta ce malam zai yi tafiya, ya roƙe ta ta riƙe masa ajin sababbin shiga na mako uku. Ƙamus ya ce madalla, Allah ya sa alheri, kuma har ransa ya so ya yi murna. Amma ya ji kishin nan ya sake taso masa, bai ragu ko kaɗan ba. Ya tambaye ta mutum nawa ne a ajin. Ta ce goma sha tara, har da makaniken maƙwabcinsu. Ya ajiye kofin shayin bai shanye ba, ya ce zai makara, ya ɗauki makullan sito ya fita.