Hammatar Ƙaton Roba

Bas ɗin bai kai gadar kogi ba Nives ta ji yatsunta na manne wa kwalin. Ta ɗaga murfin ta leƙa. Ƙaton Roba, ɗan tsanan babanta, na kwance yadda yake kwance tun kafin a haife ta: ƙirji a buɗe, ɗan kamfai baƙi, fuska ba fara'a. Sai dai daga hammatarsa ta hagu wani abu mai kauri kamar zuma yana tsattsafowa.

Ta kira uwarta a waya.

"Mama, me kika yi wa Ƙato?"

"Ni? Fatarsa na ga ta bushe, shi ne tun Ista nake ɗan shafa masa mai."

"Wane mai?"

"Na zaitun mana. Mai kyau, wanda ƙanwata ta aiko daga ƙauye."

A wurin uwarta Mariuccia ba abin da man zaitun ba ya gyarawa, daga ciwon gwiwa har ƙofa mai ƙara. Nives kuwa, da ta koyi kula da irin kayan wasan nan a waya saboda babanta, ta san man zaitun cinye irin wannan robar yake yi. Hoda kawai ake barbaɗa mata.

"Kada ki gaya wa babanki," in ji uwar, murya ƙasa-ƙasa.

"Hammatar ce za ta gaya masa, Mama."

Kakanta ne ya sayo shi wata Kirsimeti, lokacin yana aiki a masana'antar mota a nan birnin Torino. Ɗan tsana ne da aka yi shi don a ja: yaro ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, ya miƙe ya yi ta miƙewa, a saki ya koma. Amma kakan ya miƙa wa ɗansa Gaspare da gargaɗi: kada ka ja, zai lalace. Gaspare bai ja ba. Ya girma, ya yi aure, ya yi furfura, bai ja ba. Yau ƙungiyar masu tara tsofaffin kayan wasa, wadda ta daɗe tana ce masa ya dawo baɗi, za ta duba Ƙato, in ya ci jarrabawa a ba Gaspare kujera. Sharuɗɗan biyu ne: ba a taɓa ja ba, kuma ba ya yoyo.

Ta sauka ta sayi filasta a kantin magani, ta manna a hammatar, ta danne hannun a kai.

A zauren bayan coci ta tarar da babanta cikin kwat ɗin da ya sa ranar aurensa, maɓallin na neman ceto. Dattawa sun zagaye tebur mai farin ƙyalle. Shugabansu, Dottore Ferraudo, wanda ba wanda ya san ko likitan mene ne, yana zura farar safar hannu yatsa bayan yatsa.

"Kin girgiza shi a hanya?" Gaspare ya tambaye ta.

"A'a, Baba."

"Me ya sa kike gumi?"

"Bas."

Dottore ya gyara murya. "'Yan'uwa, wannan ba abin wasa ba ne, tarihi ne. Daga Amurka salon ya zo mana. Fatar roba, ciki kuma dafaffen ruwan sukarin masara. Jahilcin yara ya hallaka kusan dukkansu, ja suka yi ta yi har suka fashe. Wanda ya tsira, ya tsira ne a hannun mai tarbiyya."

Dattawan suka gyaɗa kai. Kowannensu ya fasa nasa yana yaro, yanzu kuma suna jin haushin yara.

Nives ta ajiye kwalin. Dottore ya ɗauko Ƙato da hannu biyu kamar jaririn da za a yi wa baftisma. Ya duba wuya. Ya duba gwiwoyi. Ya shinshina, ya ɗan yamutsa fuska.

"Yarinya, a kicin kuke ajiye shi?"

"A kabad, Dottore."

"Ina jin ƙanshin salak."

Ya kama hannun hagu zai ɗaga. Nives ta ce, "Ai wannan gefen daidai yake da wancan."

Ya ɗaga. Filastar ta saki. Da ya janye hannunsa, wani siririn zare mai sheƙi ya biyo safar, daga hammatar har kusa da ƙirjinsa.

Gaspare ya daɗe yana kallon zaren. Sannan ya juyo.

"Mamanki?"

Nives ta riga ta shirya ƙarya tun a bas, cewa ita ta yar da shi. Ta buɗe baki, sai ta ga babanta ma shinshinawa yake yi, kuma ya san man gidansa.

"Ta ga fatarsa ta bushe," ta ce.

"Ni ma haka take min," in ji shi.

Dottore ya cire safar da yatsu biyu. "Ka yi haƙuri, Gaspare. Doka doka ce. Wannan yanzu ba shi da wata daraja."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Gaspare ya kwance maɓallin kwat ɗinsa, ya ɗauki Ƙato daga tebur, ya kama hannun dama.

"Nives, riƙe ƙafar nan. Ja baya. A hankali."

Ta ja. Da farko ya ƙi, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Can sai ya saki. Hannun ya miƙe, ya wuce gefen tebur, ya wuce kujerar Dottore, sukari na ɗiga a kan farin ƙyallen. Gaspare na ta ja da baya, bakinsa a ɗan buɗe.

"Ashe har nan yake kaiwa," ya ce.

Wani tsoho mai sanda, ma'ajin ƙungiyar, ya matso. Ya saci kallon Dottore, sannan ya jingine sandarsa a bango.

"Gaspare," ya ce a hankali, "ɗaya ƙafar ba mai riƙewa."