Irin Gonar Tudu

Ina riƙe da kan Baba Falalu, matarsa Inna Rakiya na ba shi kunu da cokali, waya ta yi ƙara a aljihuna. Na ƙyale ta. Ta sake. A na uku Inna ta ce, "Attahir, ɗauki abin nan ko ka kashe shi, yana firgita Malam."

Na kwantar da tsohon, na fita bakin zana.

"Malam Attahir? Zainabu ce daga Yamai. Mu ne muka zo da kaka muka ɗebi hatsi. Tsohon yana kusa?"

Na gane ta. Sun zo da farar mota, ita da maza biyu, suna bin ƙauyukan Damargu suna neman tsohon iri. Maƙwabcina Baba Falalu ba shi da waya, shi ya sa aka rubuta lambata.

"Yana kusa, amma ba ya magana," na ce. "Yau kwana shida. Tansiyo, hawan jinin nan, ta kayar da shi a bakin rijiya. Mun kai shi likita a Tanut, majo, babban ma'aikacin asibitin, ya ce ɓangaren dama ya mutu, mu koma gida mu yi addu'a."

Ta yi salati, sannan ta faɗi abin da ya sa ta kira. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ga yadda na fahimta. Kowace ƙwayar hatsi akwai rubutun gado a cikinta wanda ido ba ya gani, ADN suke ce masa, kuma a labo suna da injin karanta shi. Baba Falalu yana da gona uku, kowace da damin irinta daban, duk ankutes, gajeren hatsinmu na Damargu. Sun karanta ukun. Biyu sun gauraye da irin froje, sabon irin da ake raba wa manoma. Ɗaya ne bai gauraya ba, kuma ya yi daidai da wani da aka ɗiba a yankinmu tun kafin a haife ta. Ta ce a duk ƙauyukan da suka bi ba su sami irinsa ba, yana nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke.

"Shi ne mai lamba biyu," ta ce. "Don Allah kar a shuka shi kusa da irin froje. Iska na kai bununi daga gona zuwa gona, damina ɗaya ta isa."

"Wace lamba?"

"Mun ɗaura leda mai lamba a kowane dami."

Na tuna da ledojin. Motarsu ba ta fita gari ba tsohon ya tsinke su ya watsar. Ya ce da ni, "Hatsin da na gada wurin ubana, leda ce za ta gaya mini sunansa?"

Na gaya mata. Ta ce to in aiko da zangarniya daga kowane dami su sake karantawa, zai ɗauki wata uku ko huɗu.

"Madam, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ruwa ba ya jiran labo. Gidan nan ba su da wani iri sai dami ukun nan, kuma gona uku dole a shuka su, in ba haka ba tsohuwa ta ci me?"

Abin da ban gaya mata ba, irin frojen nawa ne. Shekara huɗu da suka wuce aka raba, na karɓa. Gonata tana tsakanin gonakinsa biyu na fadama. Ya zo har gida ya ce, "Attahir, kai shi nesa da nawa." Na ce gonata ce. Ban ce na yi laifi ba, irin ya ciyar da iyalina. Amma na gane lamba biyu ba wani ba ne, na gonar tudu ne, wadda ke can ita kaɗai a hanyar Gangara, babu maƙwabci. Gonar na sani. Damin ne ban sani ba. In aka kuskure aka sa shi a fadama kusa da nawa, shi ke nan, ni na ƙarasa shi. Wanda ya san shi kuma yana kwance, miyau na zuba ta gefen bakinsa.

Ranar ban iya cin abinci ba. Washegari numfashinsa ya canja, yana ja kamar ana jan guga. Da hantsi na shiga na ce, "Inna, zan hau rumbu."

Ta ajiye mafici. "Wane rumbu?"

"Na Baba. Zangarniya uku kawai zan ɗauko."

"Mutum da ransa za ka buɗe masa rumbu? Ko ɗansa Yahaya da ke Agadas bai isa ba. Ni shekara arba'in da ɗaya a gidan nan, ban taɓa leƙa shi ba. So kake gari ya ce mun fara rabon gado?"

"Gari ya ce abin da ya ga dama."

"Da ma haka kake, kanka kamar turmi. Shi ma ya faɗa."

"Na ji. Ki zage ni bayan na sauko."

Na sa tsani na ɗaga hular rumbun. Ƙasan babu komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera, ci ya ƙare tuni. Dami uku ƙanana suna rataye a sama, an barbaɗe su da toka. Na juya su ta kowane gefe. Tsayi ɗaya, launi ɗaya, ɗauri ɗaya. Ni da nake taƙamar ni manomi ne, ban ga bambanci ba. Na zari ɗaya daga na hagu, ɗaya daga na tsakiya, ɗaya daga na dama, na riƙe su tsakanin yatsuna don kar su ruɗe mini. Da na sauko mata biyu suna leƙe ta kan zana. Ban gaishe su ba.

Na durƙusa gabansa. "Baba, Attahir ne. Na hau rumbunka, ka yafe mini. Wanne ne na tudu? Ka matsa hannuna kawai."

Idonsa na hagu ya buɗe. Na sa ta farko a tafinsa. Babban yatsansa ya bi ƙwayoyin a hankali. Bai matsa ba. Ta biyu ma haka. Ta uku ta zame ta faɗi kan tabarma.

"Baba, don Allah. Matar Yamai ta ce babu irinsa. Ni na ɓata biyun, na sani. Kar ka tafi da na ukun."

"Kai, ƙyale shi!" Inna ta ce. "Kalmar shahada za ka laƙƙana masa ko hatsi?"

Gaskiyarta ce, amma ban tashi ba. Sai na ga hannunsa na motsi. Ba ni yake nema ba. Yana jan hannun a kan tabarma, yana tura zangarniyar da ta faɗi wajen ƙafar matarsa. Ya tura, ya huta, ya sake turawa, idonsa a kanta.

Inna ta daɗe tana dubansa. Sannan ta goge fuska da gefen zane, ta ce, "Miƙo su."

Ta murza ta farko a tafi, ta hura, ta jefa ƙwaya uku a baki. Ta tofar. Ta biyu ma ta tauna ta tofar. Ta ɗauki ta ukun. Daga inda nake na ji ƙarar ƙwayar a haƙorinta.

"Wannan. Na tudu ya fi tauri, dusarsa kaɗan ce. Duk ranar da ya sauko mini da shi, kafaɗata ke sanar da ni kafin in gama surfe."

"Kin tabbata?"

"Ni na daka shi shekara arba'in, ba kai ba, ba matar Yamai ba."

"To me ya hana ki faɗa tun jiya?"

"Wa ya tambaye ni?"

Na koma rumbu na sauke damin dama, na kai shi ɗakinta, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Baba ya cika bayan la'asar. Inna na gefensa, ni na laƙƙana masa kalmar. Mun kai shi kafin magariba. Hatsin sadaka daga rumbuna aka ɗiba, na froje, jama'a suka sha furarsa ba wanda ya ce komai. Na kira Zainabu na gaya mata duka biyun, rasuwar da damin. Ta tambaya ta yaya muka gane. Na ce da haƙori. Ta ce duk da haka in aiko da zangarniya su tabbatar. Na ba wani direban Damagaram ya kai. Har yau ba su kira ba, kuma ba ranar da ba na duba wayar.

Ruwan shuka ya sauka kwana goma sha tara bayan haka. Inna tana takaba, ba ta fita. Da safe ta miƙo mini ƙwaryar iri ta saman zana, an rufe da faifai.

"Ƙwaya huɗu huɗu yake sawa," ta ce. "Ba irin watsin da kake yi ba."

Na ɗauki sungumi na kama hanyar Gangara. Rairayi ya jiƙe har tsawon hannu. A bakin gonar na ajiye ƙwaryar, na cire takalma na kakkaɓe, na zazzage hula, na juyo aljihuna waje. A ɗinkin na dama akwai ƙwaya biyu na hatsina na froje, sun maƙale. Na ciro su da farce, na jefa a baki na tauna, sannan na shiga.