Ɗan Bunsurun Laure

Barau mutumin kirki ne, amma da ya ga ƙaton ɗan akuya, kasuwar Maigatari yake hangowa. Haka yake yi wa garken matarsa Laure duk shekara: wanda ya fi saurin girma shi ake sa wa igiya, a bar tsigin da dillalai suka raina ya zama uban garke. Laure ta yi magana har ta gaji. Jajayen awakin da ta gada wurin uwarta, dogaye masu faɗin ƙirji, sai ga jikokinsu sun koma kamar kyanwoyi.

Farin shekarar saba'in da uku ya zo ya kwashe sauran. Tsohuwar akuya ɗaya ta tsira a gidansu na Ɗanzomo, ita ce ta haifi ɗan bunsurun nan da ya kere sa'o'insa tun kafin yaye. Laure ta dube shi ta ga awakin uwarta sak, har ƙwalla ta zo mata. In ya bar gidan, irin ya ƙare ke nan.

Rumbu kuwa ya yi ƙasa. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, Barau ya ɗauko igiya.

"Malam, bar min wannan," in ji ta. "Girman nan ba na dusa ba ne, a jininsa yake."

"To me za ki tuƙa mana, Laure? Jinin nasa?"

Da hannunta ta ɗaure shi, don ta san ɗaurin Barau ba sauƙi. Ta wuni zuciyarta ba daɗi, ko turken ba ta iya kallo.

Da la'asar sakaliya ta jiyo kukan da ta sani. Ga Barau da gero a ka, bunsuru a baya, shi kuma daga shi sai 'yar shara. Rigar saƙin da yake zuwa Juma'a da ita babu.

"Malam, ina rigarka?"

Ya sauke kayan, ya ƙi haɗa ido da ita. "Dillalin ne ya ce irin wannan ba a yankawa, garkensa zai kai shi. Na ce in dai don iri ne, ai mai shi tana gida. Rigar ce ta zama geron nan." Ya miƙa mata igiyar. "Fara ba shi ruwa, ni na iya jira."